Maɓallai Biyu a Gefen Agogo

Bayan rasuwar kawuna bara, 'ya'yansa suka ba ni agogonsa: wani Seiko mai nauyi, mai shuɗiyar fuska, wanda ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali. A gefensa akwai maɓallai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tun ina yaro nake ganin agogon nan a hannunsa, amma ban taɓa ganin ya danna su ba. Da na girgiza shi ya tashi, sai na danna na sama. Wani dogon jan hannu da na ɗauka ya daɗe da mutuwa ya zabura ya kama zagaye. Na sake dannawa, ya tsaya cak. Na danna na ƙasa, ya koma kan 12 kamar an harba shi.

Yau shekara guda ke nan cif. Agogunan da ke akwatina sun zama huɗu, duk tsofaffi, duk masu maɓalli biyu, babu mai cin batir a cikinsu. Masu sana'ar suna kiran irinsu kuronogaraf: agogo mai nuna lokaci, wanda kuma aka dasa wa inji na biyu mai auna tsawon abu, daga farawarsa zuwa ƙarewarsa. Abin da ya riƙe ni a kansu shi ne, kowane zane da ke fuskarsu don aikin wani aka yi shi: likita, direba, soja, alƙalin wasa. Ga waɗanda suka fi ba ni mamaki.

Tawada da dawaki

Sunan daga harshen Girka yake, ma'anarsa "mai rubuta lokaci", kuma wanda ya fara amsa sunan rubutun yake yi na gaske. A 1821 Nicolas Rieussec, mai yi wa Sarki Luwi na 18 na Faransa agogo, ya kai wani ɗan akwati filin sukuwar dawaki a Faris. A cikinsa faifai ne ke juyawa a ƙarƙashin bakin alƙalami. Doki na tsallake layi, sai a danna, tawada ta ɗiga a kan faifan. Tawadar ta tafi tuntuni, sunan ya zauna.

An yi kusan ƙarni biyu ana ba Rieussec kambun farko. Sai a 2012 wani ɗan agogon aljihu ya ɓulla a gwanjo a Janeba, wanda Louis Moinet ya gama ƙerawa a 1816 don duban taurari. Yana raba daƙiƙa ɗaya gida 60. Injinsa na bugawa sau 216,000 a awa, alhali yawancin tsofaffin agogunan hannu sau 18,000 suke yi. Ninki goma sha biyu, a zamanin da fitilar mai ake aiki da ita.

Zuciya a cikin ƙarfe

Yadda hannun ke komawa kan 12 da dannawa ɗaya ya daɗe yana ɗaure mini kai, har sai da aka buɗe mini bayan agogon na gani. A gindin hannun akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar zuciya. Ka danna maɓallin ƙasa, sai wata 'yar guduma ta doke shi a gefe. Ko ina ya tsaya, dole ya murgina har gudumar ta zauna a lotsattsen wurinsa, kuma nan ne sifiri. Adolphe Nicole ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1844. Har gobe da ita ake aiki.

Lambobin da ke kewaye

Nan ne na fi daɗewa. Lambobin nan da ke zagaye da bakin gilashi, masu farawa daga 500 ko 400 su gangaro zuwa 60, na awon gudu ne. Ka danna a kan alamar kilomita ɗaya, ka tsayar a ta gaba, inda hannun ya tsaya shi ne gudunka a awa. Daƙiƙa 30 na nufin 120, daƙiƙa 45 na nufin 80. Na gwada a hanyar Kano zuwa Zariya ina gaban mota, ya zo kusa da abin da mitar direba ta nuna. Lissafin ba na mota kaɗai ba ne: mai injin buga bulo da ke fitar da ɗaya a daƙiƙa 20 zai ga hannun ya tsaya a kan 180, bulonsa na awa guda ke nan.

Wasu agogunan suna da ma'aunin nisa. Sojoji aka yi wa shi: ka ga hasken igwar abokan gaba ka danna, ka ji ƙararta ka tsayar, agogon ya gaya maka nisanta, don sauti na cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Ni da damina na yi amfani da nawa. Wani dare a watan Agusta na zauna a zaure, walƙiya ta haska na danna, tsawa ta biyo baya a daƙiƙa tara. Kilomita uku. Ta gaba ta zo a daƙiƙa shida, na ce wa yara a kwashe shanya. Ma'aunin da aka zana don yaƙi, a gidana kaya ya hana jiƙewa, kuma na fi son sa a haka.

Na likitoci kuwa, an rubuta a gefensa cewa a ƙirga bugun jijiya 30, wani 15. Likita ya riƙe hannun majinyaci, ya danna, ya ƙirga, ya tsayar, sai ya karanta bugun zuciya na minti guda ba tare da ya yi lissafi ba.

Duba ƙaramin da'irar da ke ƙirga mintuna a agogunan shekarun 1940 da 1950, za ka ga layin minti 3 da 6 da 9 sun fi sauran tsawo. Kuɗin wayar tarho ta nesa minti uku-uku ake yanke shi a lokacin, mai kira na kallon agogonsa don ya ajiye kafin a shiga sabon kuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai lema yana kallon daƙiƙoƙi a farkon zuwan wayar salula ya san wannan zaman.

Omega kuma ta taɓa yin wani don alƙalan ƙwallon ƙafa, da alama ta musamman a kan minti 45.

Maɓallin da ya saɓa wa 'yan'uwansa

Na biyu a akwatina, wanda na saya, ɗan Suwizaland ne mai injin Landeron 48, wanda aka fara yi a 1937, aka kuma ƙera sama da miliyan 3. Rannan na ɗauka a lalace aka sayar mini, don na danna maɓallin sama ya tashi, na sake dannawa ya ƙi tsayawa. Ashe haka aka halicce shi: na sama tayarwa kawai yake yi, na ƙasa shi ke tsayarwa, shi kuma ke mayarwa sifiri. Da yawa daga irinsa an saka su a gidan zinariya mai sirantaka kamar takarda, ana sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Duk lokacin da zinariya ta yi tsada, sai a narkar da gidan a watsar da injin. Wannan yana ci mini rai.

Shekarar 1969

Ɓangarori uku suka yi tseren fitar da kuronogaraf mai yi wa kansa wani da motsin hannu. Zenith ta sanar da nata ran 10 ga Janairu, ta sa masa suna El Primero, wato "na farko" a harshen Sifaniya. Haɗin gwiwar Heuer da Breitling da Hamilton-Buren suka nuna nasu ran 3 ga Maris, shi ne mai kan wani a gefen hagu. Seiko ba ta yi shela ba, sai ganin nata aka yi a shagunan Japan a watan Mayu. Har yau masu tara agogo ba su gama gardamar wanda ya riga ba.

Wannan na Seiko, mai lamba 6139, shi ne na kawuna. Ba shi da hannun daƙiƙa na kullum, don haka in ba ka danna maɓalli ba, ba ka ganin komai na motsi a fuskarsa. Ba a yi masa wani da yatsa, girgiza shi ake yi. Kwanan wata kuma tura kan wanin ciki ake yi ya sauya. Tagar ranakunsa harshe biyu ce, Turanci da Larabci, don kasuwar ƙasashen Larabawa aka yi shi. Na bar shi a Larabcin, tunda sunayen namu ne: Lahadi, Litinin, Talata, har zuwa Asabar.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da Seiko ɗin ta haƙa wa sana'ar rami. Ran 25 ga Disamba ta fitar da Astron, agogon hannu mai batir da ƙwayar kwaz na farko a kasuwa, a kan yen 450,000, kuɗin mota sukutum. Cikin 'yan shekaru irinsa ya yi araha, ya fi na sifirin daidaito nesa ba kusa ba. Ma'aikatan agogo a Suwizaland, da suke kusan 90,000 a 1970, suka koma kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980.

Mutumin da ya ƙi bin umarni

A duk labaran da na karanta bana, wannan na fi komawa gare shi. A 1975 masu kamfanin Zenith na lokacin, wani kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, suka ce a daina injin sifirin, a sayar da kayan ƙera El Primero a matsayin gwangwan. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot, wanda ya yi shekaru yana aikin wannan inji, ya rubuta musu yana roƙon su dakata. Ba su saurare shi ba. Sai ya riƙa ɗibar kayan kaɗan-kaɗan a ɓoye bayan an tashi aiki, injinan matsa ƙarfe da zane-zane da ƙananan kayan yanka, yana hawa da su can ƙarƙashin rufin masana'anta. Kowanne ya manna masa lamba, ya rubuta yadda ake aiki da shi a littafi, sa'an nan aka toshe wurin da bango.

Kusan shekara goma kayan na kwance. Da kasuwa ta juyo, aka fara cigiyar injin, sai ya nuna inda suke. Daga 1988 zuwa 2000, Rolex Daytona, agogon da attajirai ke layi a kansa, da injin Zenith yake tafiya, sai dai Rolex ta rage bugunsa daga 36,000 zuwa 28,800 a awa. Da Vermot ya yi abin da aka ce masa, da ba mai wannan labari. An yi makamancin haka a kamfanin Valjoux, inda Edmond Capt ya adana kayan injin 7750 da ya tsara. Shi ne injin nan da in ka karkaɗa hannu kake jin wani abu na wulwulawa a ciki kamar mai rai.

Sama jannati

Hukumar NASA ta gasa agoguna a zafin da ya kai digiri 93, ta daskarar da su a 18 ƙasa da sifiri, ta jijjiga su, ta buga su. Omega Speedmaster kaɗai ya fita, aka amince da shi a Maris 1965. Gilashinsa na roba ne, don in ya fashe ba ya tarwatsewa ya yi ta yawo a cikin kumbo.

Neil Armstrong bai taka wata da nasa ba a Yuli 1969. Agogon cikin kumbon ya samu matsala, ya bar nasa a madadinsa. Na Buzz Aldrin ne ya fita. Wannan agogon kuma ya ɓace a hanya lokacin da aka aika shi gidan tarihi na Smithsonian, har yau ba a gan shi ba.

A Afrilu 1970, da tankin iskar Apollo 13 ya fashe aka kashe na'urori don tattalin wuta, da agogon hannu suka auna kunna inji na daƙiƙa 14 wanda ya gyara musu hanyar dawowa gida.

Wanda ya fi faranta mini shi ne Kanar William Pogue. Ya sayi Seiko 6139 mai rawayar fuska a kan dala 71, ya saba da shi a wurin horo, sai ya cusa shi a aljihun rigarsa ba da izini ba ya tafi da shi tashar Skylab a Nuwamba 1973. Kwana 84 suka yi tare a sama. Injinsa ɗaya da na kawuna. Da aka yi gwanjonsa a 2008 bai kai dala 6,000 ba.

Kasuwar da ta juya baya

Rolex Daytona mai irin fuskar da ake kira "Paul Newman" kwantai ya riƙa yi a shaguna a shekarun 1960, ana sayar da shi dala ɗari biyu da 'yan kai. Ran 26 ga Oktoba 2017, wanda shi ɗan wasan fim ɗin ya ɗaura, kyautar matarsa Joanne Woodward, ya tashi a gwanjo a Nuyok a kan dala miliyan 17.75. Injin da ke cikinsa na Valjoux 72 ne, wanda ƙananan kamfanoni irin su Enicar da Gallet ma suka yi aiki da shi. A ganina kuɗin nan na sunan mai shi ne, ƙarfen bai kai haka ba.

Wani abin kuma: baƙar fuskar agogo da rana ta ci ta koma ruwan ƙasa, asalinta aibin fenti ne. Yau ita ake kira "fuskar ƙasashen zafi", kuma ta fi wadda ba ta koɗe ba tsada. Haka ma gogewa. A wurinmu kaya sai ya yi sheƙi yake kaya, amma a wannan kasuwa agogon da aka goge har kaifin gefensa ya tafi, ko aka sake wa fuska fenti, darajarsa ta zube.

Na koyi wannan da kuɗina. Na huɗu a akwatina, wanda na saya ta intanet, hotonsa tas, fuskarsa fara fat. Da ya iso aka sa madubi, sai ga fenti sabo a kan tsohuwar fuska, hannuwan kuma na wani agogo ne dabam. Irin wannan haɗe-haɗe ya cika kasuwa, kuma manya ma ba su tsira ba. A Nuwamba 2021 an sayar da wani Speedmaster na 1957 a Janeba a kan sama da faran miliyan 3 na Suwizaland. Omega ce da kanta ta saya don gidan tarihinta. A 2023 ta fito ta ce an harhaɗa shi ne da sassan agoguna dabam-dabam.

Hasken da ya mutu, gubar da ta rage

Lambobin tsofaffin agoguna da ke haske da dare, da fenti mai sinadarin radiyom aka shafa su. 'Yan mata ne ke shafawa a masana'antu, irin ta garin Orange a jihar New Jersey, kuma an koya musu su riƙa daidaita bakin burushi da leɓɓansu. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu da ƙuruciyarsu. Biyar daga cikinsu suka kai ƙara, aka sasanta a 1928. Duk sa'ad da na ga lambobin nan masu launin ƙasa-ƙasa sai na tuna da su.

Hasken fentin yana mutuwa cikin 'yan shekaru, radiyom ɗin kuwa sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Don haka agogon da ya daina haske bai daina cutarwa ba in garinsa ya shiga huhu. Kada a buɗe shi a ɗaki, kada a hura shi da baki. Daga shekarun 1960 aka koma tiritiyom, mai raguwa da rabi a shekara 12 da ɗoriya. Shi ne ƙaramin harafin T da ake gani a ƙasan fuska, kusa da 6.

Injinan da suka yi hijira

Na uku a akwatina Poljot ne na Tarayyar Sobiyet, mai inji 3133. Suwizaland ce asalinsa: a shekarun 1970 masana'antar agogo ta Mosko ta sayi kayan ƙera Valjoux 7734, ta gyara shi ta riƙa yi wa sojojin ruwa da na sama. Sin ma ta yi haka tun farkon shekarun 1960, ta sayi kayan injin Venus 175 ta kai Tianjin don matuƙan jiragen yaƙinta. Kamfanin Venus ya daɗe da shuɗewa, jikan injinsa kuwa har yau ana ƙera shi da sunan Seagull.

Ƙura, ruwa da maganaɗisu

Kowane maɓalli ƙofa ce. Robar da ke tare ruwa a agogo mai shekara 50 ta riga ta bushe, don haka nakan cire nawa kafin alwala, da hunturu kuma in bar su a akwati ranar da ƙura ta yi yawa. Ban da irin Landeron 48, kada a danna maɓallin ƙasa alhali hannun na gudu. Kada a sauya kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran injin suna cikin aikin sauya shi da kansu. In agogo ya kama gudu haka kawai, yana ƙara mintuna a yini, sau da yawa maganaɗisun lasifika ko na murfin waya ne ya manne masa siririn sifirin. Ɗauko kamfas ɗin duba alƙibla ka matso da agogon. In allurar ta karkata, ka gano ciwon.

Rabin waɗannan wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari ya koya mini. Teburinsa ɗan ƙarami ne, da akwatin gilashi a kai, da madubi a ido ɗaya. Ranar da na fara kai masa na kawuna, ya juya shi ya ce, "Wannan ai na alhazai ne. Na gyara irinsa ba adadi. A goge maka shi ya fito fes?"

Na ce, "A'a Baba, ku bar shi da tabonsa. Mai shi ne ya yi masa su."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah Ya jiƙansa." Ni kuma na roƙe shi ya daina hura tsofaffin fuskoki da baki, na kai masa 'yar robar hura iska. Ya karɓa, yana amfani da ita.

A ƙarƙashin teburin yana da gwangwanayen madara cike da matattun injina, waɗanda ya ƙi sayar wa 'yan gwangwan tun lokacin da agogon batir ya ci kasuwa. Ya san abin da ke cikin kowanne. Yaran da ya koya wa aiki duk sun koma gyaran waya a Farm Centre, ba wanda ya tsaya har ya iya kwance kuronogaraf ya mayar. Yanzu haka ƙaramin hannun mintuna na agogon kawuna ba ya komawa daidai kan sifiri, yana tsayawa kaɗan a gefe. Baba ya ce gudumar ce ta cinye, kuma yana tuna ya taɓa jefa irinta a ɗaya daga cikin gwangwanayen. Ya ce in dawo bayan Sallah.